Yadda Ake Sayen Tsohuwar Mota Mai Shan Gas Wadda Ta Ci Hanya

Da wuya dillalin mota a Birnin Kebbi ko Jega ya nuna maka mota mai shan gas, wato dizal, bai ce maka injin dizal ba ya mutuwa ba. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin shi wannan inji ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai, iska yake matsewa har ta yi zafin da gas zai kama da kansa, saboda haka dole aka ƙera shi da ƙarfe mai kauri, kuma yana juyawa a hankali fiye da injin fetur. Shi ya sa ake samun wanda ya yi tafiyar kilomita 400,000 yana nan da ƙarfinsa. Abin da dillali ba zai faɗa ba shi ne, kayan da ke kewaye da injin, wato famfon gas da nozul masu fesa mai da turbo mai hura wa inji iska da kuloci, suna tsufa suna mutuwa, kuma gyaran ɗaya daga cikinsu yana iya cinye duk rangwamen da mai saye ya ɗauka ya samu a ciniki.

Kafin mutum ya taka ƙafarsa zuwa wurin masu sayarwa, ya kamata ya tambayi kansa ko aikinsa ma na motar gas ne. An daɗe da cire hannun gwamnati daga farashin gas, tun kafin a janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuma sau da yawa litar gas ta fi ta fetur tsada a gidajen mai. Ribar dizal tana fitowa ne a doguwar tafiya da ɗaukar kaya, inda yake shan mai kaɗan kuma yake ja ba tare da wahala ba. Wanda yake zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Yawuri har Kwantagora, ko mai kwaso buhunan shinkafa daga fadamun Argungu da Suru, ko mai ɗaukar albasa daga Aliero, shi ne motar gas za ta yi wa rana. Ma'aikacin da iyakar tafiyarsa daga gida zuwa sakatariya da kai yara makaranta, gara ya nemi motar fetur, domin gajeriyar tafiyar da inji bai kai ga ɗaukar zafi sosai ba ita ce ke tara baƙin toka a cikin injin dizal, musamman na zamani.

Wannan bambanci tsakanin tsohon ƙira da na zamani shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai, domin a ganina ya fi lambar kilomita muhimmanci nesa ba kusa ba. Tsohon ƙira yana da famfon gas wanda ƙarfe ne ke sarrafa shi, ko dai babu kwamfuta a ciki sam, ko kuma aikinta kaɗan ne. A wannan sahu akwai injin 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, da injin 5L da ake samu a Hilux da Hiace, da tsofaffin Mercedes irin su 190D, da motocin J5 da suka daɗe suna jigilar kayan gwari a hanyoyin Arewa. Ba su da gudu, suna da ƙara, amma suna jure gurɓataccen mai, kuma masu gyaran famfo da nozul na gari sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu. Na zamani kuwa, irin su D-4D na Toyota da HDi na Peugeot da CDI na Mercedes da TDI na Volkswagen na baya-bayan nan, famfo ne ke tara gas a bututu ɗaya da matsi mai tsananin gaske, wanda yakan kai ninki 1,600 na matsin iskar da muke shaƙa ko fiye, sannan kwamfuta ta riƙa buɗe kowane nozul tana fesa mai daidai gwargwado. Suna da ƙarfi da sanyin murya da tattalin mai, sai dai ramukan nozul ɗinsu sun yi ƙanƙantar da 'yar ƙura ko ɗigon ruwa ko kananzir da aka surka a cikin gas ya isa ya lalata su. Wanda yake zaune inda galibi sai wurin 'yan bumburutu ake samun gas, ya yi tunani sosai kafin ya ɗauki irin wannan mota.

Motocin da ake kawowa daga Turai, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, suna da wani ƙarin nauyi. Tun daga 2009 dokar hayaƙi ta Turai ta sa kusan kowace sabuwar motar dizal ta zo da matatar toka a cikin salansa, wadda ake kira DPF, daga baya kuma aka ƙara wani ruwa mai rage gubar hayaƙi, mai suna AdBlue, da ake zubawa a tanki na daban. An yi waɗannan na'urori ne don gas mai ƙarancin sinadarin sulfa irin wanda ake sayarwa a can, ga shi kuma matatar ba ta ƙone tokar da ta tara sai mota ta yi doguwar tafiya da gudu. Idan ta toshe, kwamfuta takan rage wa injin ƙarfi har mota ta riƙa rarrafe. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a Nijeriya an riga an fasa matatar an cire ta, saboda haka a tambaya a kuma leƙa ƙarƙashi, domin idan an cire ta ba a gyara lissafin kwamfutar ba, fitilar gargaɗi ba za ta daina kamawa ba, sai dai idan wani ya cire ƙwan fitilar don kada mai saye ya gani.

Daga nan sai batun mai gyara. Kada a sayi mota sannan a shiga neman bakanike, a fara da bakaniken. A je garejin masu gyaran motocin gas a gaya musu sunan motar da lambar injinta, a tambaye su ko suna taɓa irinta, ko ana samun filtarta da bel ɗinta a shagunan gari, ko kuwa sai an aika Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Motar da nozul ɗinta ɗaya zai sa ta yi mako uku a ajiye ana jiran saƙo ba ta dace da mai neman abinci da ita ba, kome kyawunta. Bakaniken da ya amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya, shi za a ɗauka zuwa wurin dubawa, a biya shi ladan aikinsa daga aljihun mai saye, kuma kada ya zama wanda dillali ya kawo.

Lambar da agogon kilomita yake nunawa ita ce shaida mafi rauni a jikin tsohuwar mota, domin mayar da ita baya aiki ne na 'yan mintoci ga mai na'ura. Da farko a tabbatar ko da mil take ƙirga ko da kilomita, tunda mil ɗaya ya ɗara kilomita 1.6 kaɗan, wato mil 200,000 ya haura kilomita 320,000. Sannan a yi ɗan lissafi: motar da ta shekara 15 tana nuna kilomita 90,000 tana cewa ke nan kilomita 6,000 kacal take yi a shekara, alhali Bature ba ya sayen dizal don ya ajiye a ƙofar gida, don doguwar tafiya yake saye. A dubi robar totur da ta birki da ta kuloci, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita. Idan sun suɗe agogo kuma yana nuna ƙaramar lamba, agogon ne ke ƙarya, idan kuwa robobin sababbi ne fil a tsohuwar mota, wannan ma abin tambaya ne. A laluba jikin ƙofa da ƙarƙashin murfin inji da aljihun gaba, sau da yawa akan tarar da 'yar takardar da garejin Turai ya manna, mai ɗauke da kwanan wata da kilomitar da aka yi juyen baƙin mai, wadda mai mayar da agogo ya manta bai ɓamɓare ba. Ni dai na fi natsuwa da motar da ta nuna kilomita 300,000 da takardun gyaranta a hannu, a kan wadda ta nuna 120,000 babu wanda ya san tarihinta. Haka kuma motocin gwanjo na ma'aikatu da ƙungiyoyi suna iya nuna lamba kaɗan alhali injinsu ya sha aiki, saboda awannin da direba ya yi yana jira a tsaye da na'urar sanyaya mota a kunne ba sa shiga lissafin agogo.

Shaidar da ba ta ƙarya ita ce tashin injin da sanyin safiya. A yi alkawari da mai mota cewa za a zo da sassafe kuma kada kowa ya tayar da ita, in an iso a ɗora hannu a kan injin a ji. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita, kuma komai dalilin da aka bayar, a ɗaga dubawar zuwa gobe. Dalili shi ne injin dizal da ringinsa da silindarsa suka cinye ba ya iya matse iska yadda ya kamata, to idan yana da zafi wannan rauni yakan ɓuya, sanyi ne kaɗai ke tona shi. A nan ƙasarmu zafin bazara yana rufa wa gajiyayyen inji asiri, saboda haka wanda ya samu damar dubawa a safiyar hunturu, cikin Disamba ko Janairu, ya fi kowa sa'a. A murɗa makulli rabi a ga dukkan fitilun gargaɗi sun kama, har da mai kama da naɗaɗɗiyar waya wadda ke nuna hita tana ɗumama silinda, a jira ta mutu, sannan a tayar. Lafiyayyen inji yakan kama nan take ya daidaita. Wanda sai an yi ta ja, ko ya tashi yana karkarwa yana tari, ko sai an fesa masa wani abu a bakin iska, yana da magana. Wani lokaci maganar ba ta wuce mutuwar hita ko raunin baturi ba, waɗanda gyaransu mai sauƙi ne, amma kada a yarda da wannan bayani da baki, a ce mai mota ya canja su a sake gwadawa wata safiyar.

Yayin da mutum ɗaya yake tayarwa, wani ya tsaya a baya yana kallon salansa. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan a tashin farko ba laifi ba ne ga tsohon dizal. Baƙin hayaƙi mai yawa idan an taka totur yana nufin mai ya fi iska yawa, ko dai filtar iska ta toshe da ƙura, ko nozul yana zuba maimakon fesawa, ko turbo ba ya hura iska sosai. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, daga ringi ko daga turbo, kuma duka biyun kuɗi ne. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ya fi su ban tsoro, domin idan yana warin ɗanyen gas to mai ne ba ya ƙonewa, idan kuwa ba ya warin gas kuma ruwan lagireto yana raguwa, ruwa ne ke shiga silinda ta gaskit ko ta tsagar kan inji.

Injin yana aiki a tsaye, a kwance murfin da ake zuba baƙin mai a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an ɗaure ba. Idan ya zauna yana ɗan motsi, ringi suna nan da sauran ƙarfinsu, idan kuwa iska tana tunkuɗe shi hayaƙi yana bulbulowa kamar tukunyar da ta tafasa, injin ya kusa neman a sauke shi. Kada baƙin launin mai ya tsorata kowa, domin man injin dizal yakan yi baƙi ƙirin jim kaɗan bayan juye. Abin lura shi ne idan ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, wato ruwa ya shiga, ko ya haura alamar cika a sandar awo yana warin gas, ko ya yi kaurin da bai dace ba saboda an zuba mai nauyi don a danne ƙara da hayaƙi. A leƙa gindin kowane nozul, idan akwai wani baƙin abu mai kama da kwalta da ya daskare a wurin, wanki ko goge ba zai magance shi ba, hatimin nozul ne ke fitar da iska. Tun injin yana da sanyi kuma a buɗe murfin lagireto a duba ko akwai maiƙo a ruwan, bayan an tayar a ga ko kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Injin da aka wanke tas har yana ƙyalli ranar dubawa, kyan ɗan maciji ne, sai an yi tafiya an dawo sannan za a ga inda yake yoyo.

Tafiyar gwaji kada ta tsaya a zagayen unguwa. A hau babbar hanya, misali daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo a dawo, da mutane a ciki da na'urar sanyi a kunne, kuma in da hali da tsakar rana, domin a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, motar da ba ta iya riƙe sanyinta ba ta da amfani. Allurar zafi ta hau zuwa wurinta ta tsaya. Wadda ba ta motsa ba ko kaɗan ma abin zargi ce, saboda ko an cire na'urar da ke daidaita zagayen ruwa, ko an tsinke wayar allurar. A sa babbar giya a ƙaramin gudu a taka totur sosai, idan ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci ya cinye, kuma a motocin Turai da yawa canjin kuloci yakan jawo canjin faifan bayan inji mai ɓari biyu, wanda ya fi kulocin kansa tsada. Turbo mai lafiya ɗan fito yake yi siriri, wanda yake kuka kamar jiniya ya kusa tafiya. Idan motar ta zamani ce, a nemi mai na'urar kwamfuta ya jona ta bayan an dawo daga gwajin, ba kafin a tafi ba, domin laifuffukan da aka goge da safe sukan sake bayyana bayan tafiya, kuma na'urar tana iya nuna yadda kowane nozul yake aiki, a wasu motocin har da kilomitar da kwamfutar ta ajiye a cikinta.

Akwai tambaya ɗaya da ba a tsallakewa, ita ce yaushe aka canja bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul, idan injin mai irin wannan bel ne. A injin dizal, idan wannan bel ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yakan daki bawul, inji ya lalace a take. A Hilux mai injin D-4D na 2.5 ko 3.0 ana canja shi a kowace kilomita 150,000, har akwai fitila ta musamman da ke kamawa don tunatarwa, sai dai ana iya kashe fitilar ba tare da an taɓa bel ɗin ba. Idan babu rasit, a ɗauka ba a canja ba, a sa kuɗinsa cikin lissafi.

Jikin motar ba ya buƙatar dogon bayani. A shiga ƙarƙashinta da tocila a duba shasi ko akwai walda ko lanƙwasa ko tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. A ɗaga kafet a sansana, domin motar da ambaliya ta taɓa nutsarwa takan bar laka da warin rima a lungunan da mai wanki ba ya kaiwa. A kuma lura ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu, kamar yadda ake yi wa motocin Ingila da Japan, domin aikin da aka yi da gaggawa a sitiyari da birki da wayoyi haɗari ne ga rai.

Takardu kuwa, a Kebbi sun fi ko'ina buƙatar natsuwa, saboda jihar tana iyaka da Nijar da Benin, kuma ba yau aka fara shigo da motocin Kwatano ta ɓarauniyar hanya ba. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa, saboda haka motar da aka ce ta biyo ta wajen Kamba ko Tsamiya, kuma farashinta ya yi araha fiye da kima, dole a bi takardunta a tsanake. A karɓi takardar biyan kuɗin kwastan a kai ofishin hukumar da ke Birnin Kebbi a tabbatar da ita kafin a biya ko sisi, domin takardar bogi da ta gaskiya ido ba ya rarrabe su, kuma ranar da aka tare motar a hanyar Koko ko ta Sakkwato, wanda ke riƙe da makulli shi ke da asara. Lambar shasi, wadda galibi take da haruffa da alƙaluma 17, ta zama iri ɗaya a jikin ƙarfe da gilashin gaba, in akwai ta a wurin, da kowace takarda, kuma a shafa wurin da aka buga ta a ji ko an goge an sake bugawa. Idan motar ta riga ta yi rajista a Nijeriya, sunan da ke takardar mallaka ya dace da na mai sayarwa, ko ya kawo takardar cinikin da ta nuna yadda ta zo hannunsa. Idan an taɓa canja inji, a nemi rasit ɗin injin.

A wurin ciniki, kowane laifi da bakanike ya gano a tambayi kuɗin gyaransa a kasuwa a rubuta, da wannan takarda za a yi tayi, ba da rantsuwar dillali ba. A yi maganar la'ada tun farko a san wanda zai biya. Kada a ba da kafin alƙalami sai an rubuta sharaɗin cewa za a mayar idan takardu suka ƙi tabbata, kuma idan an sallama a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da farashi, shaidu na kowane ɓangare su sa hannu, a biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke yarjejeniyar. Shawarata ita ce mai saye ya ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ya tanada ya ajiye gefe, ya sayi motar da sauran, domin tsohuwar motar gas ba ta rasa abin da za ta nema a watanninta na farko.

Daga wurin ciniki gareji za a nufa, ba gida ba. A juye baƙin mai a zuba wanda aka yi don injin dizal, a canja filtar mai da ta gas da ta iska, a canja bel ɗin tayimin tare da tayoyin da ke riƙe shi da famfon ruwa, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya mai barin tsatsa. Idan motar ta daɗe tana aiki a ƙauye, a sauke tanki a wanke. A ce bakanike ya nuna wa direba inda ake tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin filtar gas, ya riƙa yi a kai a kai, da damina musamman, ya kuma riƙa duba filtar iska duk mako a lokacin ƙurar hunturu. Bayan doguwar tafiya a bar injin mai turbo ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe. A zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da manyan motoci suke yawan sha a riƙe su, kuma a sami ɗan littafi a aljihun gaba a rubuta ranar wannan gyara na farko da lambar da agogo ya nuna a ranar, daga ita za a fara ƙirga juyen mai na gaba.